Ƙaramar Mota da Ƙugun Tsoho

Tunda kai ma shawarwari sun yi maka yawa har ka rasa wadda za ka kama, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai sayar da irin shuka da maganin feshi a wani gari mai ɗan nisa da birni. Mahaifinsa tsohon manomi ne, dogo, mai kawaici. Ciwon ƙoda ya kama tsohon, likita ya ce sai an riƙa kawo shi birni wankin ƙoda duk mako. Ga shi kuma tun wata faɗuwa da ya yi daga kan amalanke ƙugunsa bai koma daidai ba. Motar haya ta gagare su, don sai a cusa su kamar buhunan masara, a yi ta tsaye-tsaye a hanya, kafin su isa asibiti layi ya wuce su. Sai ɗan ya ƙudura sayen mota. A lokacin kuwa wata sabuwar ƙaramar mota ta shigo, ko'ina zancenta ake yi. Iri biyu ce a siffa ɗaya. Akwai mai fulogi uku, wato mai ƙaramin inji, wadda ba ta shan mai. Akwai mai fulogi huɗu, ta fi nauyi, kujerunta sun fi taushi, amma ta fi 'yar'uwarta ƙishirwa.

Da ya kai maganar majalisarsu ta bakin kasuwa, kowa ya ce albarkacin bakinsa. Wani tsohon direba ya ce a wannan zamani mota ba a tambayar gudunta, cikinta ake tambaya, wato yawan man da take sha. Bakaniken garin ya ce ƙaramin injin ya fi sauƙin sha'ani, ko ya buɗe shi ba ya wahalar da shi. Wani ya ce ya ji tana ɗan rawa idan ta tsaya, tana kuma nishi a hawa in an kunna mata esi mai sanyaya ciki, aka taso masa cewa wannan ba aibi ba ne, ai ba tsere za a je ba. Maƙwabcinsa malamin makaranta, wanda ya riga ya sayi mai fulogi ukun, ya ce shi kam har yakan manta hanyar gidan mai. Baki ya zo ɗaya, mutumin ma ya gamsu, saura kawai ya kira dillali. Sai malamin ya miƙo masa makulli, ya ce ya kai Baba da ita wannan makon, ya gane wa idonsa.

Hanyar birni rabinta kwalta ce, rabinta gargada da ramuka. Suka je suka dawo, allurar mai ko motsin kirki ba ta yi ba, ran mutumin ya yi fari. A ƙofar gida ya waiwaya ya ce, “Baba, yaya ka ji ta?” Tsohon ya ce, “Madalla da mota, Allah ya sa albarka.” Amma bai sauko nan take ba. Ya daɗe zaune, sannan ya kama murfin ƙofa da hannu biyu, ya miƙe a hankali. Da la'asar ɗan ya leƙa zaure, ya tarar da shi yana salla a zaune, mutumin da ko ranar da aka fi jigata shi a asibiti a tsaye yake sallarsa. Ya san ko ya tambaya amsar lafiya lau ce. Da mako ya zagayo, bayan sun fito daga asibiti, ya biya da tsohon wurin dillali. Ya roƙa a ɗauke su a mai fulogi huɗun, a bi da su ta wata lalatacciyar hanya da ke bayan kasuwar hatsi. Shi bai kalli allura ba, bai saurari injin ba, fuskar mahaifinsa yake kallo a madubi. Ita ya saya.

Majalisa ba ta ji daɗi ba. Aka ce ya nemi shawara ya watsar, wani ya ce ya ƙulla surukuta da gidan mai. Shi dai sai ya ce haka ne. Ba ƙarya suka yi ba kuwa, tana sha. Dole ya rufe ta da tamfol sauran ranaku, ya koma hawa tsohon babur ɗinsa zuwa shago, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Malamin kuma ya ci gaba da jin daɗin tasa, daga gida zuwa makaranta a kan kwalta, bai taɓa nadama ba.

Wata safiya suna tsakiyar gargadar nan, mutumin ya ji shiru a baya. Ya rage gudu ya waiwaya. Ashe barci ne ya kwashe tsohon, hula ta karkace, baki a ɗan buɗe. Bai farka ba sai a ƙofar asibiti, ya dubi hagu da dama ya ce, “A'a, har mun iso?” Ya buɗe ƙofa da kansa, ya sauko, ya gyara hularsa, ya shige gaba ɗan na biye.

To ka gani, duk cikinsu babu wanda ya nufe shi da sharri, kowa ya auna motar ne da irin tafiyar da ke gabansa. Ka saurari kowa, ka yi godiya, amma ka tuna abin da magabata suka ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.