Tukunya ta Uku

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Ga shi dai.

Hayaƙi ya turnuƙe kicin lokacin da Kamila ta fito da tukunya a ƙone.

"Inna, kin sake ɗora girki kin manta. Ta uku ke nan a watan nan."

Hajiya Yakaka ta dubi 'yarta, ta dubi ɗanta Ikrima a bakin ƙofa. Tun rasuwar Alhaji take zaune ita kaɗai a gidan nan na Rijiyar Lemo, ta kuma rantse daga nan sai kabari.

"Wata rana da ke a ciki gidan zai kama," in ji Ikrima. "Yau gidana za ki koma. Kamila, haɗa mata kaya."

Hajiya ta tura hannuwanta cikin mayafi. Wata biyu ke nan yatsunta sun sandare, ko marfin kwalba ba ta iya buɗewa, balle ta murɗa kan gas. Maƙwabciyarta Biriskila ce ke miƙo mata abinci ta katanga. Ta ɓoye wa yaran ne don kada su ɗauke ta.

Sau uku tukunya na ƙonewa, sau ukun kuma Kamila ta zo gaishe ta.

In Hajiya ta tona cewa Kamila ce ke ɗora tukunyar, dole sai ta nuna hannun, ƙarshenta tafiyar ce dai.

Suna ɗaki suna ƙulle kayanta, ta zura takalmi ta sulale gidan Biriskila. Ba wanda ya ga fitarta.