Kofin Tamanin da Tara

"Ba zan ba ɗan Kabo 'yata ba!" Malam Dabo ya daki tabarma. Dattawan da suka zo nema wa Uwaisu auren Badi'a suka dubi juna a zaure.

"Haba Malam, a kan ƙwallo?" in ji kawun yaron.

"A kan sata dai! Wasan ƙarshe na tamanin da tara, mu 'yan Gwarzo muka ci ku biyu da nema. Kuka hau mu da jifa, kafin a ankara kofi ya yi layar zana." Ya ture hula ya nuna tabon goshinsa. "Ni kaɗai na tsaya na tare ƙarti goma. Ku dawo mana da kofinmu, sannan a yi maganar aure."

Sai ga sallamar matarsa, Inna Altine, daga ƙofar cikin gida. Ta miƙo hannu ta dire wani abu mai kunne biyu, ya yi baƙi ƙirin, sai warin daddawa yake. Malam Dabo ya ƙura wa kofin ido.

"Ranar ina tallar gyaɗa a filin," ta ce. "Wani matsoraci ya sheƙo a guje ya tattake mini faranti, ya kifa ya fasa goshi. Da kowa ya watse na ɗauki wannan a madadin farantina. Shekara talatin yana madafar gidanka, Malam. Kai ne dai ba ka taɓa leƙawa ba."

Malam Dabo ya jawo hula a hankali ya rufe goshi.

Kawun ya gyara zama. "To Malam, ga kofi ya dawo. Yaushe za a sa rana?"