Gishiri a Gindin Tukunya

Tun da rijiyoyinmu suka ƙafe, kamfanin gas ke tace ruwan haƙarsa ya sako mana a famfo. Ruwan sha kuwa, jarka ɗaya ake ba kowane gida.

Yau Goggo Ladiyo ta dafa ruwan jego da na famfon. Farin gishiri ya kwanta a gindin tukunyar. Akuyarmu, sarkin lasar kanwa, ta sansana ta ja da baya.

"Goggo, kin ga akuyar nan?"

"Akuya ce likita? Miƙo min jaririyar."

Na ƙi. Da ruwan jarka na wanke 'yata Sa'ade har ya ƙare. Da la'asar ƙishi ya ci ƙarfina, na sha na famfo. Ga ta yanzu tana kuka, tana laluben nono.