Muryar Kulu a Kaset

Tsohon bai tambayi kuɗin amfilifayar, na'urar ƙara sauti, ba sai da ya ɗaga ta da hannu biyu ya ji nauyinta.

Salih, mai gyaran rediyo a kasuwar Sinnar, ya lura da haka, ya ji daɗi. Wata bakwai ke nan tana shagonsa, baƙa wuluk, nauyi kamar dutsen niƙa, da allurai biyu a fuskarta masu rawa idan sauti ya tashi. Wani likita ne ya sayar masa da ita lokacin da zai kwashe iyalinsa zuwa Masar. Masu zuwa tayawa duk samarin kiɗan biki ne, ihu kawai suke nema. Wannan tsoho kuwa shafa ta yake yi a hankali, kamar mai duba saniyar da zai saya.

Sunansa Gado, daga wani ƙauye a hanyar Dinder. Muryarsa tana da ƙarfi, irin ta manoman da suka saba kiran juna daga wannan hawasha, wato gona, zuwa waccan. Salih ya shiga bayani, tsohon bai ɗauke ido daga fuskarsa ba ko sau ɗaya. Salih ya ce a ransa, yau dai ga mai sauraro.

Ya haɗa wa amfilifayar manyan lasifika biyu, ya kunna. Gado ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya.

"Ƙara," in ji shi.

Salih ya ƙara. Kofunan wata mata mai shayi da ke bakin shagon suka fara kaɗawa, ta leƙo tana faɗa.

"Ƙara, ɗana."

Allurai suka kai ja. Tsohon ya gyaɗa kai, sannan ya ciro wani ƙunshi daga aljihun jallabiyarsa, ya warware tsumma uku. Kaset ne, takardarsa ta koma ruwan ƙasa. Ya ce shekara arba'in da suka wuce ya yi leburanci a Jidda. Matarsa Kulu ba ta iya rubutu ba, sai ta yi magana a kaset ta ba matafiya su kai masa, kamar yadda matan ƙauyen ke yi a lokacin. Guda tara ne, wannan kaɗai ya tsira. Kulu ta rasu bara waccan. Ya gwada rediyo huɗu, duk ba su fito masa da ita ba. Ya sayar da shanun nomansa biyu, ba abin da yake so sai muryarta ta iso gare shi.

Salih ya sunkuya bayan injin yana cire wayoyi, ya faɗi farashi. Shiru. Ya rage. Shiru. Ya yi murmushi, ya san tsofaffin Hausawa da cinikin shiru. Ya miƙe, ya dubi tsohon ido da ido, ya sake ragewa, ya ce har da lasifikan da tsohon injin kaset. Nan take Gado ya ce ya saya.

Washegari da hantsi Salih ya ɗora kayan a raksha, babur mai ƙafa uku, ya kai su da kansa, don ba ya so a haɗa masa waya a karkace. 'Yar tsohon, Ruƙayya, ce ta buɗe ƙofa. Bangon ɗaki guda sabon gini ne, lakarsa ta fi ta sauran duhu, kuma rabin bishiyar da ke tsakar gidan a ƙone take. Bai tambaya ba. A shekarun nan na yaƙi ba a tambayar irin wannan.

Ya haɗa kayan da batirin sola, ya goge kan injin da auduga, ya saka kaset ɗin. Aka ɗan yi shuuu, sai ga muryar wata yarinyar mace ta cika gidan, tana gaida Gado, tana ce masa auduga ta buɗe, jar akuya ta haifi biyu, Ruƙayya ta fara rarrafe, ya dawo haka nan, abin da ya samu ya isa.

Ruƙayya ta rufe fuska da mayafi. Gado ya ce a ƙara. Kaji suka watse, maƙwabta suka tsaya a bakin zaure. Salih ya kai hannu zai rage, Ruƙayya ta girgiza masa kai.

Tsohon ya durƙusa, ya manna ƙirjinsa da tafukansa biyu a jikin lasifikar, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Can Kulu ta yi dariya, don wani ya shigo mata tana cikin magana.

"Nan ne take dariya," in ji Gado, hawaye na bin gemunsa. "Na gane wurin."

Da Salih zai tafi, ya tuna bai gargaɗe shi ba kada ya rufe ramukan iskar amfilifayar, tana zafi. Ya tsaya a bayansa ya kira, "Baba Gado." Ya sake kira. Ya kira na uku da ƙarfi.

Ruƙayya ta ce, "Bari, Malam, sai ka zaga gabansa ya ga bakinka. Bam ɗin da ya ɗauke Iya, shi ya tafi da kunnuwan Baba."