Ta Hannun Luka

Wata Lahadi da la'asar, a gidan hayarmu na Bompai, ina haɗa baƙi a Littafi Mai Tsarki na babana, sai na karanto: "Bishara ta hannun Luka." Ga kuwa Baba Luka maƙwabcinmu yana gyangyaɗi a gindin darbejiya, hannunsa ya yi shuɗi da rinin masaƙa.

Na taɓa shi. "Baba, da wannan hannun kuka rubuta?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Wancan Lukan likita ne, 'yata. Shi ma bai ga Yesu ba, waɗanda suka gan shi ya bi yana tambaya." Ya koma barcinsa.

Ranar har kuka na yi don haushi. Amma yau, duk sanda ake gardamar wa ya rubuta wannan Bishara, shuɗin hannun nan nake gani, yana tafiya a hankali bisa takarda.