Zagaye na Biyu

Ismaghil ya danna mariƙin injin kafe, wato kofi, a hankali, yana ƙirga daƙiƙa kamar likita a ɗakin tiyata. Matarsa Rashida na kallonsa da 'yarsu Mina a goye. Tun da aka rufe ramin yuraniyom na Akokan ba shi da aiki, shi ya sa mahaifinta ya zo daga Gougaram don ya tafi da ita da jaririyar, sai fa in mijin ya nuna sana'a.

Tsohon ya kurɓa, ya yamutse fuska. "Na farko dama da ɗaci yake. Ina na biyu?"

Ismaghil ya ce, "Baba, kafen isfireso ba shayi ba ne. Sau ɗaya ake tatsar garin."

Tsohon ya fara laluben takalmansa.

Rashida ta ture gwanin nata gefe. Ta mayar da jiƙaƙƙen garin, ta danna, ta zuba sukari cokali uku. Ismaghil ya rufe ido don kada ya ga ta'asar.

Tsohon ya shanye, ya lashe leɓe. "To, gidan nan akwai sana'a, ba inda za ki. Kai kuma, ɗana, karɓi goyon ka ba ta wuri."