Ɗingishin Layi na Huɗu

Tun a shafi na uku mai sharhi ya ajiye littafin, ya cire tabarau. Sata ce, ko tantama babu.

Rabin rayuwarsa ya ƙarar a kan waƙoƙin marigayi Malam, wanda ya yi tashe shekara sittin da suka wuce. Matar mai sharhin kan ce ya fi sanin su a kan 'ya'yansa. Malam yana da wani aibi da ba wanda ya lura da shi sai shi: duk layi na huɗu sai ya gaza da gaɓa ɗaya, kamar mai gudu ya tsaya jan numfashi. Ga shi yanzu wata wai ita 'Yar Lungu ta fito da sabon diwani, kowane baiti da wannan ɗingishin.

Ya kira mawallafin. Mutumin ya hau kame-kame: shi bai taɓa ganin marubuciyar ba, wata yarinya ce ke turo waƙoƙin ta waya. Mai sharhi ya gyaɗa kai. An tono tsofaffin takardun Malam ke nan, kuma da hannun na gida.

Ya rubuta sharhi mai zafi, ya kira ta mai yi wa matattu sata, ya miƙa wa jarida. Sai da aka shiga bugawa ya ga ya kamata matar marigayin ta ji daga bakinsa.

Ya same ta a tsakar gida kan kujerar roba, ido ya tafi, ƙirji yana kuka. Ya dinga bin jikokinta da kallo, musamman wata mai waya a hannu da ta ƙi haɗa ido da shi.

"Mama, an yi wa Malam sata. Kuma a gidan nan nake zargi."

"To. Karanto mu ji abin da aka sata."

Ya fara. Bai kai layi na uku ba ta karɓe, ta ci gaba da ka. A na huɗu numfashinta ya yanke, ta haɗiye gaɓa ɗaya ta wuce. Ya ɗago kai ya dube ta, don littafin ko wata bai yi da fitowa ba.

"Ɗana," ta ce bayan ta huta, "shi dai, Allah ya jiƙansa, rubutunsa kyau gare shi, shi ya sa nake faɗa yana rubutawa. Wannan littafin ne kawai na ce a bar min."